Ƙazamin Mai Ya Fi Tsufa Kashe Tarakta

Ga bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗowa daga gabas, kowane manomi ya shiga lissafin ranar da tarakta za ta shiga gonarsa. Yanzu ne masu taraktoci su ke fito da su daga rumfa, a kaɗe ƙura, a duba tayoyi, a sake baƙin mai, a kai batir caji. Amma akwai abin da ba safai a ke tunawa da shi ba sai ya yi ɓarna, watau tsabtar man da a ke ɗura wa injin, da lafiyar filtar da ke tace shi.

Labarin da a kan ji kowace damina kusan iri ɗaya ne. A yi ruwan shuka da dare, da asuba tarakta ta shiga gona, ta yi kai da kawowa sau goma lafiya lau. Can sai ta fara nishi, ƙarfinta ya ragu, ta yi tari ta mutu a tsakiyar gona. Direba ya bar ta ta huta, ya sake tayarwa, ta yi 'yar tafiya ta sake mutuwa. Sai ya aika wa mai ita, "Alhaji, motar nan fa ta tsufa, ba ta da sauran ƙarfi." Mai ita ya amsa, "Kai dai yi dabara, mutane na jira." Dabarar kuwa ita ce ya kwance filta ya huda ta da ƙusa, ko ya fid da ita ɗungum ya jefa cikin akwatin sifanu. Nan da nan injin ya tashi da ƙarfinsa, kowa ya yi murna, a ce lalle yaron nan gwani ne. Kafin a yi noman farko injekta ta lalace, a kwance ta a kai birni, tarakta ta yi kwana goma a bakin gona, kaji na kwana a ƙarƙashinta. In an tambayi dalili, sai a ce tsufa ne.

To, tsufa ba ta da laifi a nan. Filtar da ta toshe aikinta ta yi, ta tare dattin da ya nufi cikin injin. Wanda ya huda ta kamar mutumin da ya kori mai gadi ne don ya cika tsai da baƙi a ƙofa.

Tsofaffin Injuna

Yawancin motocin da ke ɗauke da aikin gona a ƙasar nan ba sababbi ba ne. Akwai Massey Ferguson 135, wadda aka ƙera daga 1964 zuwa 1975 da injin Perkins mai fistan uku, har yau tana kaftu a wurare da yawa. Akwai Steyr da aka haɗa a Bauchi, da Fiat da aka haɗa a Kano. A kan hanya kuma ga manyan motocin Mercedes da aka haɗa a Inugu, ga a-kori-kura ta Peugeot daga masana'antar Kaduna wadda ta fara aiki a 1975. Injin da ya yi shekara 40 ko 50 yana aiki ya riga ya nuna ba rago ba ne, kuma kanikawa sun san cikinsa kamar yunwar cikinsu. In irin wannan injin ya sami mai mai tsabta, da baƙin mai a kan kari, sai ya binne mai shi ya yi wa magada aiki.

Sai dai tankinsa ma ya yi waɗannan shekarun. Ya tara tsatsa da laka, robar murfinsa ta bushe, tiyo ya tsattsage. Saboda haka tsohuwar mota ta fi sabuwa bukatar filta mai kyau, ko da ya ke ita aka fi yi wa rowarta.

Abin Da Filta Ke Tsarewa

Injin gas ba shi da filogi. Injekta ce ke matsa mai da ƙarfi ta tura shi cikin nozul, nozul ya fesa shi kamar hazo cikin iska mai zafi, ya kama da wuta. A tsofaffin taraktoci ƙarfin matsin nan ya ninka iskar tayar ƙaramar mota kusan sau 80. Ba a samun matsi haka sai ƙarafan da ke cikin injekta sun dace da juna ƙwarai da gaske. A raba milimita 1 kashi 1,000. Kaurin gashin kan mutum ya kai kamar kashi 70, ido kuwa ba ya ganin abin da ya gaza kashi 40. Ratar da ke tsakanin ƙarafan injekta ba ta wuce kashi 2 ko 3 ba. Filta mai kyau tana tare ƙwayar da ta kai kashi 5 zuwa 10.

Ashe ke nan man da ido ya gani garau yana iya ɗauke da ƙurar da za ta ci injekta kamar yadda dutsen wasa ke cin wuƙa. Ba rana ɗaya ta ke kashe ta ba. A hankali za a ga injin yana wuyar tashi, musamman in ya yi zafi, yana baƙin hayaƙi, yana shan mai fiye da da, ga ƙarfi babu. Har wa yau injektar CAV mai juyawa, wadda ke jikin taraktoci da yawa masu injin Perkins, ba ta da baƙin mai nata na kanta. Man gas ɗin da ke ratsa ta shi ne ke ba ƙarafanta santsi. In ruwa ya shiga, ko an sirka gas da kananzir mai yawa, santsi ya ragu, sai ƙarfe ya ci ƙarfe.

Motar fetur mai kafireto da injin ban ruwa sun fi haƙuri, amma su ma ƙwayar tsatsa ɗaya ta isa ta toshe 'yar kafar da fetur ke bi, injin ya yi ta shaƙewa.

Ta Ina Datti Ke Shiga?

Ruwa ba ya tsami banza, mai ma haka. Babban abokin gāba shi ne ruwa. Lita 1 ta man gas nauyinta kamar giram 840 ne, ta ruwa kuwa 1,000, don haka ruwa kullum ƙasa ya ke kwanciya, daidai inda bututu ke jan mai. In an bar tanki rabi da dare, iskar da ke cikinsa ta huce, sai ta yi raɓa a jikin ƙarfe ta gangara ƙasa. Duron da aka bari a tsaye a fili kuma ruwan sama ya kan taru a kansa. Da rana duro ya yi zafi ya fitar da iska, da dare ya huce ya ja iska, ya haɗa da ruwan ta gefen murfi, ko da an ɗaure shi. In ruwa ya daɗe a ƙarƙashin gas, waɗansu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su kan hayayyafa a tsakanin ruwan da man, su zama baƙar laka mai yauƙi. Lakar nan ta kan toshe sabuwar filta cikin 'yan kwanaki.

Na biyu ƙura. Jarkar da aka bari baki buɗe cikin hunturu, da mazurarin da ke yashe a ƙasa, da tiyon da aka ja bisa turɓaya, da tsumman da aka cusa a bakin tanki don murfi ya ɓata, duk ƙofofi ne. Na uku tsatsar tanki da ta duro. Akwai kuma bokiti ko duro mai farin shafe irin na kwanon rufi, wanda bai dace da gas ba sam, don man ya kan ci shafen, ya je ya daskare a nozul.

Na huɗu sirki, wanda shi hannun mutum ne. Tun da kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabo a 2022, fetur kuma ya bi sahu bayan janye tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, ribar algus ta ƙaru, masu son banza kuwa ba su ƙare ba.

Kada a ɗauka matsalar ta 'yan bumburutu ce kaɗai. A farkon 2022 an shigo da fetur ƙasar nan daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, wanda sinadarin metanol ya yi yawa a cikinsa. Kafin a janye shi ya riga ya isa gidajen mai, ya lalata motocin mutane, janyewar kuma ta jawo dogayen layuka a Legas da Abuja da sauran birane. Metanol yana cin roba da tiyo, yana kuma jan ruwa. In man da ya shigo ta jirgin ruwa da takardunsa zai iya zama haka, ina ga wanda ya bi hannu biyar kafin ya iso ƙauye cikin jarka?

Hanzarin Direba

Gaskiya ita ce direban da ya huda filta yana da hanzarinsa, ya kamata a saurare shi. Yana daji, gari da nisa, ƙasa ta jiƙa yau, jibi ta bushe, ga manoma goma sun biya kuɗi suna tsaye a kansa. Ba a ba shi filtar ajiya ba, ba a ba shi kuɗin saye ba, in kuwa ya dawo gida bai yi aiki ba shi za a zaga. Kowa aka sa a wannan hali abin da zai yi ke nan. Don haka babban laifi na mai tarakta ne, wanda ya tura ta daji ba guzuri. Ba wanda ke tura ɗan aike Legas ba kuɗin mota sa'an nan ya yi fushi don ya makara.

Waɗansu kuma su kan ce tsohon injin ba ya zaɓen abinci, kome aka ba shi ci ya ke. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin ya fi injunan zamani masu kwamfuta jure wahala. Amma juriyar nan ita ke ɓoye ciwo har ya yi nisa. Jaki ma ya fi doki haƙuri, ba a ce don haka a ba shi dusa da tsakuwa ba.

Akwai masu cewa manomin ƙauye ba shi da zaɓi, gidan mai na nesa, dole ya sayi na jarka. Haka ne, ba kuwa za a ce ya bar noma ba. Sai dai in ba shi da iko a kan inda mai ya fito, yana da iko a kan abin da zai yi da shi kafin ya shiga tanki.

A ƙaddara tarakta tana kaftar eka 8 a yini. In ta tsaya kwana 10 ana jiran injekta daga birni, eka 80 ke nan ba a taɓa ba. Daminar ƙasar Kano ba ta wuce kamar wata huɗu ba, ta Katsina ta arewa da Sakkwato ma ba ta kai haka ba, wanda ya makara shuka da mako biyu kuwa ya san abin da zai gani a rumbu. Kuɗin gyaran injekta sau ɗaya ya isa sayen filta na shekaru da dama, ban da kuɗin hayar da aka rasa. Haka mai gingimarin da ya ɗauko tumatir daga Kwanar Gafan ya nufi Legas, tafiyar kilomita 1,000 ko kusa, in mota ta kwana biyu a hanya saboda ruwa a tanki, sai ya isa da miya maimakon tumatir. Araha ba ta ado.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Tsabtar mai daga duro ta ke farawa. A ajiye duro a inuwa, cikin rumfa, a kwantar da shi bisa gadon itace, gefen da famfo ya ke ya ɗan fi ɗaya gefen tashi, don ruwa da laka su taru nesa da famfon. In an kawo sabon duro a bar shi ya kwanta awa 24 kafin a ɗiba, kada kuma a mirgina shi ranar da za a ɗura. In a tsaye ya ke ana ja da famfon hannu, bakin bututu ya tsaya kamar yatsa huɗu sama da gindi. Ragowar ƙasan duro ta wanke kayan aiki ce, kada ta shiga tanki. Mai duro biyu ya fi kowa hutawa, yana sha daga ɗaya, ɗaya na kwanciya.

A riƙa gwada mai kafin a biya. A zuba shi cikin farar kwalba mai tsabta, a ɗaga a rana. Gas mai kyau garau ya ke. In ya yi hazo akwai ruwa a gauraye, in an ajiye kwalbar kuma za a ga ruwa ko gari ya kwanta a ƙasa. Ga fetur, a zuba ruwa kashi 1 cikin kwalba, a yi alama daidai inda ya tsaya, a ƙara fetur kashi 9, a rufe a girgiza, a bari ya kwanta. In ruwan ya haura alama, akwai metanol ko ɗan'uwansa a cikin fetur ɗin. Wannan gwaji a fili a ke yinsa, nesa da wuta da masu shan taba.

A ɗura mai da mazurari mai rariya, a goge bakin tanki tukuna, in an gama a ajiye mazurarin cikin leda ko gwangwani mai murfi. Kada a ja mai da baki ta tiyo, domin in ya sarƙe mutum ya shiga huhu ciwo ne mai tsanani. A cika tanki da yamma bayan an tashi aiki, don kada a bar wa raɓa wuri. Kowace safiya, kafin a tayar da injin, direba ya duba kofin gilashin da ke ƙarƙashin filta. In ya ga ruwa a ƙasa ya sassauta notin ya zubar, har mai zalla ya fito. Aikin minti biyu ne.

A sake filta bisa ga littafin motar. Ga tsofaffin taraktoci abin ya kan kama kamar awa 500 na aiki, ko sau ɗaya a shekara kafin damina, in man wurin ba shi da kyau kuwa a gaggauta. Filtar takarda ba a wanke ta da fetur, ba a busa ta da iska, don hakan na yaga takardar ya tura datti gefen da ke da tsabta. A wanke hannu da jikin murfin kafin a kwance, a sa sababbin robobin da suka zo da filtar, a lura kowace ta zauna wurinta. Bayan haka sai a cire iska: a sassauta notin kan filta, a buga ƙaramin famfon hannu da ke gefen injin har mai ya fito ba kumfa, a ɗaure, a yi haka a notocin injekta, in ta kama a sassauta bututun nozul a ɗan juya injin. Kada kowa ya kai hannu inda bututun nan ke feshi, domin man na iya huda fata ya shiga jiki. Wanda abin ya sama a kai shi asibiti nan take, ko da raunin bai fi tsinin allura ba.

Ba kullum filta ce ke da laifi ba. 'Yar kafar iska da ke jikin murfin tanki in ta toshe, injin zai yi ta mutuwa yana tashi kamar mai ciwon filta, da an buɗe murfin kuwa sai a ji ya ja iska. Akwai rariya a famfon da ke gindin tanki, akwai wata a cikin ƙaramin famfo, su ma a duba. In kuma sabuwar filta ta toshe cikin mako ɗaya ko biyu, to tankin ne ya ƙazantu, a sauke shi a wanke, a bar shi ya bushe sarai. Tankin da ya taɓa ɗaukar mai ba a kusantar da shi wutar walda da garaje, ko da ya yi kamar babu kome ciki, don tururin da ya rage shi ke fashewa. Injin ban ruwa kuma in an gama noman rani a zubar da fetur ɗin kafireto kafin a ajiye, in ba haka ba ya bushe ya bar danƙo.

Sama da duka, kada tarakta ko babbar mota ta bar gida sai da filta biyu na ajiya cikin kwalinsu, da sifanun da suka dace.

Ga 'Yan Kasuwa Da Akawuna

Mai sayar da mai a ƙauye abincinsa na hannun manoma, in taraktocinsu sun mutu wa zai sayar wa? Ya ware jarkar gas daban, ta fetur daban, ta kananzir daban, ya rufe kowace, ya daina juye ragowar duro cikin sabon kaya. Wanda aka san shi da mai mai tsabta ba zai rasa ciniki ba, ko ya ɗora 'yan kuɗi kaɗan. Mai kayan gyara shi kuma ya faɗi gaskiya, wannan filta ta ainihi ce, wannan jabu ce. Jabu ta kan yi sakayau a hannu, takardarta 'yar kaɗan, robarta ta ƙi zama daidai. Filtar da ba ta taɓa toshewa ba abin tsoro ce, ba abin yabo ba.

Akawun ƙungiyar manoma ko na ofishin hayar tarakta yana da babban rabo cikin wannan aiki, ko da ya ke bai taɓa riƙe sifana ba. Ya buɗe littafi ga kowace mota, ya riƙa rubuta ranar da aka sayi mai, da wurin da aka saya, da yawan lita, da awoyin aiki, da ranar da aka sake filta. Ya ce a kawo masa tsohuwar filta kafin ya fitar da sabuwa, don ya ga ko an huda ta. Littafin nan ne zai nuna man wane wuri ke toshe filta, da motar da shan manta ya fara hauhawa. In an sayi mai da yawa a gidan mai a karɓi rasit, a ajiye kwalba ɗaya a rufe da kwanan wata a jikinta. In abu ya faru, da su za a kai kuka gaban hukumar NMDPRA, wadda aka kafa a 2021 don kula da irin waɗannan al'amura. Ƙara ba shaida sai ta zama surutu.

Sauran 'yan makonni ruwa ya sauka. Wanda ke da tarakta ya wanke tanki yanzu, ya sake filta, ya sayi na ajiya, ya kwantar da duronsa a inuwa, ya zaunar da direbansa ya gaya masa cewa in filta ta toshe a sake ta, ba za a yi masa faɗa ba. Manomin da zai biya kuɗin haya shi ma yana da damar tambaya ko an yi hakan, domin gonarsa ce za ta jira. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah ya sa a yi damina lafiya.